Basilla

Shekara talatin ina ɗinke bakin buhu a Katako.
Basillata ta san abin da littafin dillali ya ɓoye.

Miƙo mini buhun masara in shafa bakinsa,
in faɗa maka hannu nawa ya ratsa kafin ya ga Jos.
Kowane hannu da irin hujinsa.
Wannan ɗinkin na gona ne, saƙwa-saƙwa,
da igiyar rama, na mai saurin biyan bashin taki.
Wannan na kasuwar Mangu ne,
inda aka farke, aka auna da mudun da aka bubbuge wa gindi
har ya yi ciki kamar mai wata bakwai.
Na uku na sito ne. Can aka kulle shi
yana jiran bazara ta matse talaka,
ƙwari kuwa ba su jira kowa ba.

Duk farkewa, kwano ya fita.
Duk ɗinkewa, kuɗi ya hau.
Buhu na ramewa, farashi na ƙiba,
ni kuma a tsakani, da zare a baki,
ina rufe sirrin mutane a kan naira ɗari.

Davou direba ya taɓa lissafa mini shingayen hanya
daga Panyam zuwa Mararrabar Jama'a.
Yatsunsa suka ƙare, ya ari nawa.
Ya ce: Sallau, masara ba ta da nauyi,
masu cinta a hanya ne ke karya mini sifirin.

Ranar wata Laraba, ruwa na tsuga,
sai ga Kyenpiya a gaban akori-kura,
ita da na sani da ɗaurin zani ɗaya da idon mai bashi.
Ta sauko da littafi cikin leda.
Su arba'in da biyu ne, in ji ta, suka haɗa kai,
suka sayi sikeli, suka yi wa tsohon ɗakin taro rufi,
suka daina sayar da gumi a bakin gona ran girbi.
Tun da asuba yarinyarta ke buga waya:
nawa ne a Bukuru, nawa ne a Abuja?
Mai injin abincin kaji ya sa hannu tun kafin shuka.
Mota ɗaya, rasit ɗaya.

Alhaji Tanimu ya taso da mudunsa, yana murmushin da ya saba.
Ta ce: Ranka ya daɗe, ajiye shi ka sha fura.
Allurar sikeli ba ta da ɗan uwa.

Na matsa da basillata, don ni ma in ci.
Na shafa bakin buhu, ban ji huji ba.
Leda biyu a ciki, an murɗe, an ɗaure tam,
iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da yunwarsa a kan abinci.
Ta ce: Baba Sallau, kada ka soke shi.

Na koma kan bencina.
Buhu sittin suka wuce ta gabana, cike, kamar yadda suka bar gida,
ko ɗaya bai neme ni ba.
Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba.

Da yamma na tuna mahaifina a Gindiri,
yadda yake bin motar masu saye da kallo,
ya dawo ya zauna, yana jujjuya kuɗin a hannu
kamar zai same su sun haihu.
A watan bakwai mu sayi masararmu da tsada ninki biyu,
a buhun da na gane ɗinkinsa.

Jiya Kyenpiya ta aiko.
Suna neman mai duba ɗauri a sitonsu,
wanda yatsunsa suka san bakin buhu.
Ban ba ta amsa ba tukuna.
Basillar tana aljihuna, tana sukar cinyata in na zauna.