Ɗigon Dalma

Ranar Asabar a gwanjon bayan coci,
ruwan Oregon na zuba tun asuba babu hutu,
na tsince shi a kwalin tuffa ƙarƙashin tebur,
tsakanin rediyo mara murfi da takalman kamun kifi.
Dala goma sha biyu. Ban taya ba, na biya.

Ba shi da kyan da za a rataya a bango.
Dogo ne kamar burodi, fuskarsa tafin hannu,
maɓallai huɗu, ɗaya ya rasa jar hularsa,
gindinsa jere da haƙoran zinariya
masu jiran bakin da za su shiga.
Amfilifaya ne, kunne ne babu kai.

A gareji ina da uwar ɗakinsa,
tsohuwar na'urar duban lantarki mai nauyin ɗan maraƙi,
da ramin da ya shekara tara a buɗe a ƙirjinta.
Na zura shi kamar aljihun tebur.
Ƙas.
Fanka ta yi tari, warin ɗumi ya tashi,
koren zare ya fito a gilashi
yana rawar sanyi.

An ƙera shi ya ga abin da ido bai isa ba,
tsallen wuta sau miliyan ɗari biyar
kafin agogo ya ce tik.
Ƙiftawar ido a wurinsa damina ce guda.
Amma yau zaren na jan ƙafa,
kusurwar da ya kamata ta tsaya cak
ta narke kamar man shanu a kasko.

Na buɗe cikinsa. Kwana uku ina bin sawu
da tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya.
Na canza kapasita da ta kumbura,
na ƙona yatsa, na zagi kaina.
Sai ga shi a lungu, da fensir, ƙanana:
V.H., 1972.

Na san wannan hannun.
Shi ke saka mini takarda a akwatin wasiƙa
kan reshen itacena da ke zubar mata da ganye.
Verna Halvorsen ta tsallaken shinge,
shekara shida ba ma ga maciji.

Na ɗauka, na je, na ƙwanƙwasa.
Ta dubi lakar takalmina,
sannan ta dubi abin da na riƙe.
Ba ta ce shigo ba. Ta karɓa,
ta juya shi a hasken ƙofa
yadda ake juya jariri a ga wa ya ɗauko.

"Layi na huɗu, aikin dare," in ji ta.
"Mu talatin, duk mata, kowa da fitilarta.
Wannan ɗigon nawa ne, dubi ƙyallinsa.
Wannan kuma," ta sa farce,
"wa ya yi wannan kashin kajin?"

Na ce ni ne.

"Dalma ba siminti ba ce, Lyle."
Ta jawo rigar ruwa daga ƙusa.

Shekararta tamanin da ɗaya.
Hannunta na karkarwa da ta zauna a bencina,
har ta riƙe ƙarfen zafi,
sai karkarwar ta san inda dare ya yi mata.
Ta zuƙe nawa, ta ɗiga nata,
hayaƙi siriri ya hau, ta hure shi gefe
ba tare da ta ɗaga ido ba.

Muka mayar da shi raminsa.
Zaren ya miƙe, ya hau, ya karya kwana
kamar an yanka da reza.
Mun daɗe ba mai magana,
koren haske kwance a tabaranta,
ruwa na buga kwanon rufi.

Da ta tashi, ta goge yatsu a tsummana.
"Reshen nan fa yana nan," ta ce.
Na ce gobe zan nemo tsani.
Ta ce in kashe na'urar in na gama kallo,
gilashin irin wannan ba a ƙara yin sa.