Zaren da Ya Kauce

Wata huɗu jinina yana ƙasar waje.
Yau ya dawo a takarda, shafi biyu,
aka ce in zo da kaina.
Na rufe shago a Kakuri, na haye gada,
keke yana tsalle, cikina yana tsalle.

Likita Yashim ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Ta ce: Hansatu, a jikin kowa akwai rubutu,
rabi hannun uwa, rabi hannun uba.
A naki harafi guda ya sauya,
a layin da ke gadin nono.
Na ce: To, cutar ce?
Ta ce: Ba mu sani ba.
Na ce: To, lafiya ce?
Ta ce: Wannan ma ba mu sani ba.

Akwai sauyin da aka shaida mugu ne,
akwai wanda bai wuce tawadar Allah a kumatu ba.
Naki yana tsakani, ba a raɗa masa suna ba tukuna.
Kundin da muke dubawa
da jinin mutanen nesa aka cika shi,
namu a ciki bai fi cikin cokali ba.

Sai na tuna Inna.
Shekara goma sha tara a masaƙa, aikinta duba yadi.
Fitila a sama, alli a hannu,
atamfa na wucewa gabanta kamar ruwan Agusta.
Takan ce: ba duk zaren da ya kauce ke ɓata zane ba,
wani aibu ne, wani kuwa haka masaƙin ya so,
ba ka ganewa sai an warware bandir duka.
Ita mai hango zare ɗaya cikin dubu,
ba ta ga ƙullutun hammatarta ba
sai da ya kai goruba.
Arba'in da shida.
Yaya Kande ko arba'in ba ta cika ba.

Likita ta jawo farar takarda ta zana gidanmu,
mata zagaye, maza akwati.
Ta cike zagaye biyu da baƙi,
ta ja musu layi a karkace.
Nawa ta bar shi fari,
bakin biron yana shawagi a kansa.

Wa ya rage a ɗakin su Inna?
Na ce: Goggo Tabawa, tana Kachiya,
ta haura saba'in, har yau ita ke haƙar cittarta.
Ta ce: A roƙe ta jini kaɗan.
In harafin na jikinta, ga ta garau,
to mun sami shaida guda.
Shaida guda dai, ba hukunci ba.

Ba za a sa miki wuƙa don harafin nan ba.
Amma don Inna, don Kande,
duk shekara ki zo a yi hoto.
Kada ki sauya lambar waya.
Wataƙila baɗi, wataƙila bayan shekara biyar,
wata mace a wani gari za ta ba da jininta,
sai naki ya sami fassara.

Da dawowa na leƙa kogi ta ƙarfen gada.
Ja-wur yake, ba a ganin ƙasa,
masu kwalekwale kuwa suna ta aikinsu.

Rumasa'u na bakin ƙofa da kayan makaranta:
Mama, me suka ce?
Na dubi ƙirjinta da bai fara komai ba,
na ce: Sun ce a jira. Ɗebo mini ruwa.

Na ninke takardar huɗu,
na sa a gwangwanin Inna, kusa da guntun allinta.
Ɗinkin mutane na jira, biki ranar Asabar.
Na shimfiɗa yadi, ga zare ɗaya ya kauce.
Na ɗauki almakashi.
Na ajiye.

Gobe da sassafe, motar Kachiya.