Hannun da Ya Toshe

Ni na ɗauko ƙasar a kaina,
kwando bayan kwando, ina ɗan sha bakwai,
sefa ɗari uku a yini,
har muka rufe bakin rafin bayan Pus,
muka bar ɗan bututu can sama.
Aka ce hanya za ta wuce. Ta wuce kuwa.
Mota ta samu tata, tarwaɗa ta rasa.

Da Logon ya cika ya kawo,
na ga kawara a gindin jinga
suna dukan ƙasa da kai,
kamar wanda ya san gidan
ya tarar an liƙe ƙofa.
Cikinsu fal ƙwai.
Muka yi ta kwasa da ƙwarya, muna shewa,
wai kasuwa ta zo mana har gida.
Ashe iri muke ci.

Fadama ta tsage kamar faso.
Inna Dudu ta rushe murhun banda.
Ƙanena Barmo ya rataye koma,
ɓera ya ci rabinta,
shi kuma ya tafi Marwa yana tuƙa babur.

Bana gemuna fari fat.
Ɗiyar Abakaka, wadda ta karanci ruwa a Ngaundere,
ta shiga laka har gwiwa da sanda mai lamba.
Ta ce, kifi ba tsuntsu ba ne,
a sauke bututun nan, a buɗa,
a jera duwatsu a ƙasa
don ƙarami ya samu inda zai huta.
Sai ta ce, wa ya san tsohon bakin rafin?

Shiru.
Na ɗaga hannun nan. Shi ɗin dai.

Kwana arba'in muna haƙa.
Na tsinci guntun kwando a cikin laka,
ban gaya wa kowa ba.

Daren da ruwa ya shigo
muka tsuguna da tocila, ni da jikana.
Ba giwan ruwa ba ne ya fara zuwa.
Wani ɗan kurungu ne, bai kai yatsa ba,
ya laɓe bayan dutse na uku,
ya yi jim,
ya wuce.

Yaro ya miƙa ƙwarya.
Na riƙe masa hannu.
Na ce, bar shi, Jatau,
an daɗe ana jiransa a fadama.