Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

A hawa na huɗu na asibitin nan, a Ulanbator,
inda hayaƙin gawayi ke dusashe taga tun Nuwamba,
aikina jera mutane a layi.
Shekaru. Faɗin ƙari da santimita.
Ko ya taɓa babbar jijiyar da ke shayar da hanta.
Ruwa a ciki: akwai, babu.
Sai in zuba wa kwamfuta,
ta tauna, ta tofo mini watanni.

Gombosuren ya zo daga Ubs, kwana biyu a mota,
da warin hayaƙin kashin shanu a rigarsa.
Likita Delgermaa ta ɗaga masa hoton cikinsa.
Ya daɗe yana kallo, ya ce,
“Na feɗe tumaki fiye da mutanen da kuka ƙirga.
Hanta mai irin wannan tabo, ko kare ba na ba wa.”
Ya yi dariya shi kaɗai.
Ni tawa hantar ce ta kaɗa.

Aka zura siririn bututu ta jijiyar cinya,
aka toshe wa ƙarin hanyar abinci,
kamar a datse rafi a bar ciyawa da ƙishi.
Kwamfuta ta ce wata bakwai.
Ba ta yi rantsuwa ba:
daga huɗu zuwa sha ɗaya, in ji ta,
amma bakwai ɗin ne ya maƙale mini a wuya.

Bai tambayi wata ba.
Ya ce, “Zan ga haihuwar awaki?”
Delgermaa ta ce, da alama.
“Tsefe gashinsu fa?”
Ta dube ni. Na dubi takarda.

Akwai zanen da muke yi, kamar matakalar bene,
sauka kawai take, ba ta hawa.
Kowane taki mutum ne ya tafi.
Na san wasu takin da suna:
wannan malamar lissafi ce daga Darhan,
wannan direban da ke ɓoye sigari a safa.
A taro kuwa sai in nuna da sanda
in ce, ga inda layi biyu suka rabu,
masu sabon magani sun ɗan fi jinkirin sauka.
A tafa. Gaskiya ce kuma, ɗan jinkirin nan
shekara shida muka yi muna haƙarsa.

Wata na biyar ya ɗauki waya, iska na cin muryarsa.
Awaki sun haihu, tagwaye goma sha uku.
Wata na takwas, ba ta shiga.
Na tara, ba ta shiga.
Ma’aikaciyar lafiya ta gundumar ta ce sun tashi,
sun bi ciyawa bayan duwatsu, inda waya ba ta kai.

Irin wannan ba ma sauke masa taki.
Ɗan tsaye muke ja a kan layi, ƙarami kamar gashin ido,
ma’ana: nan ganinmu ya tsaya.

Jiya, wata na goma sha shida,
mai gadi ya miƙo mini ƙullin tsumma shuɗi.
Busasshen cuku ne, mai tauri kamar tsakuwa.
Wani yaro ne ya kawo, ya ce
a ba yarinyar da ke ƙirga.
Bai bar suna ba, mai gadi bai tambaya ba.

Ko shi ya aiko.
Ko wasiyya ce aka cika.

Na buɗe layinsa, na duba gurabe ashirin da uku,
babu inda ake rubuta cuku.
Na jefa ɗaya a baki.
Har na tashi aiki bai narke ba.