Rai Uku a Shagon Sallau

A Dilimi, bayan masu gyaran rediyo,
akwai wani shago mai ƙofar kwano
da Sallau ya rataya wa buhu a madadin labule.
Naira biyar, rai uku.
Haka cinikin yake, babu ragi,
ko da kai ɗan ƙanwarsa ne.

Sai ya zaro kaset, ya hura masa iska
kamar mai tofa addu'a a kan jinjiri,
ya danna shi, talabijin ta yi tari,
duhu ya buɗe,
taurari na gangarowa kamar tsakin da aka watsa wa kaji.

Jirgina bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Hagu, dama, harbi,
iliminsa ke nan duka.
Amma da shi na manta sanyin Jos
mai cin yatsun ƙafa a cikin silifas,
na manta aiken manjan da Inna ta yi mini
har kwalbar ta yi ɗumi a hammatata.

Suna saukowa sahu-sahu,
sai ɗaya ya ɓalle, ya yi lilo, ya nufo ni.
Kiɗan kuwa ƙara uku ce tak ake juyawa,
amma har yau, in injin markaɗe ya yi wani irin kuka,
babban yatsana yakan motsa shi kaɗai.

Davou ne gwaninmu.
Bahago, ɗan Gada Biyu,
yana wasa harshe a waje,
ba ya ƙifta ido sai an sauya mataki.
Shi ya kafa haruffa uku a saman allo,
muka yini muna kai musu gaisuwa
kafin a ɗauke wuta
a tafi da sunansa da maki dubu tamanin da huɗu.
Na'urar ba ta riƙe kowa.
Kowace safiya baƙi muke a wurinta.

Shekaranjiya na tsinci irinta a Terminus
tsakanin tsohon dutsen guga da kan fanka.
Na kai gida, na hura, ta tashi.
Rumasa'u ta ajiye wayarta, ta tsaya a kaina.
Baba, me suka yi maka?
Daga ina suke? Ina ne ƙarshe?

Na ce babu ƙarshe,
sauri kawai suke ƙarawa har ka faɗi.
Ta ce, wannan ai ɗiban ruwa ne da kwando.

Ban musa ba.
Yanzu da idon girma na ga
taurarin nan goma sha biyu ne suke zagayowa,
sararin nan bai fi tabarma ba.
Ba inda za ka sauka ka sha ruwa.
Maɓalli biyu ne a hannunka,
babu na sallama,
babu na tambayar suna.
Duk abin da ya motso daga can, ka harbe shi.

Tun shekarar da garin nan ya koyi raba unguwanni
ban sake ganin Davou ba.
An ce Bukuru suka koma. An ce Legas.
Abin da na sani, naira biyar ɗin haɗawa muke yi,
rai ɗaya nawa, ɗaya nasa,
na ukun mu yi ta musu a kai
har Sallau ya ce zai kashe.

Rumasa'u ta karɓa, ta mutu sau uku kafin shayi ya huce.
Ta ce, abin banza.
Ta ce, sake sa mini.

Da dare, bayan ta kwanta, na kai dubu tara da ƙyar.
Allo ya nemi haruffa uku.
Na rubuta nasa,
na zauna ina gadinsu,
kunnena yana wajen taransifoma.