Babban Yatsan Dalyop

A Farin Gada, bayan masu tumatir,
akwai rumfar da kwanonta ya yi tsatsa.
Nan Dalyop ke zama kan tsohon benci,
famfo a dama, daron neman huji a hagu.
Gejinsa ya mutu tun shekarar da ƙanƙara ta ɓata dankali,
allurar ta kwanta, ba ta sake tashi ba.
Bai sayi wani ba.
Yana da babban yatsa.

Na turo masa kekena wata Asabar,
gwiwa a ƙuje, hannun riga a yage.
Na ce, "Baba, tayar nan maciya amana ce.
Na ɗura mata iska har tana amo kamar ganga,
na hau Shere da ita,
ta dinga tsalle kamar akuya ta hango kura,
ta sauke ni inda ban yi niyyar sauka ba."

Bai dube ni ba. Ya latsa tayar,
yatsan ya dawo kamar ya taɓa taɓarya.
"Ladidi, wa ya ce miki ana yi wa dutse taurin kai?"
Ya danna bawul.
Iskar da na sha wuyar turawa da asuba
ta fice, ta bi masu tallan karas.
"Dutse lallashi yake so.
Faffaɗar taya, bar ta ta ɗan kwanta,
ta rungumi tsagi, ta kama saiwa,
kamar tafin ƙafar da ta saba hawa ba takalmi."

Na ce, to a sace ta sosai mana.
Ya yi dariya, ya zaro wani tif daga ƙusa,
huji biyu, kusa da kusa.
"Saran maciji muke ce masa, amma ba maciji.
Ƙarfen ƙafa ne ya cije shi a bakin dutse
ranar da mai shi ya yi rowar iska."

Muna haka sai ga Longji,
kekensa ba nauyi, taya siririya kamar bulala,
zai bi kwalta har Bukuru ya dawo kafin shayi ya huce.
Nan na ga Dalyop ya miƙe,
ya bi famfo da dukan ƙarfinsa har gumi ya tsatso.
Ya latsa. Ya ƙara uku. Ya latsa.
Sannan ya ɗan rage.
"Kwalta na son a tsaya mata tsaf," ya ce,
"sai dai tamu tana da ramuka, kuma haƙoranka naka ne."

"Tsakuwa fa, Baba?
Burjin nan da ya bi bayan Rayfield
ya zagaya tafkunan da masu kuza suka bari?"
Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.
"Ita ba ta da magana ɗaya.
Kika cika, ta watse ƙarƙashinki kamar gero a faranti.
Kika rage da yawa, ki yi ta jan keke kamar bashi.
Tsakani ake nema,
tsakanin ma na rani daban, na damina daban.
Ƙafar baya ita ke ɗauke da ke, ki fifita ta.
In kin ɗora kaya, ki tuna da su.
Sanyin safiyar garin nan ma ɓarawon iska ne."

Na tambayi kuɗin aiki.
Ya ce ba ya karɓar kuɗin iskar da ya fitar.

Yanzu kullum kafin in fita
nakan durƙusa a tsakar gida in latsa.
Yatsana bai ƙware ba tukuna,
wata rana ya faɗi gaskiya, wata rana in dawo ina turawa.
Abu ɗaya dai na riƙe:
duk wanda ya tsaya a rumfar nan,
kafin Dalyop ya taɓa famfo,
kafin ma ya amsa gaisuwa da kyau,
sai ya ɗago kai ya ce,
"Ina za ka?"