Randa da Muciya

Babana kurma ne,
Tankari mai gyaran keke,
gindin bedi, bakin kasuwar Tawa.
Shekara arba'in duniya na motsa baki a gabansa,
ba ta ce masa komai ba.

Sai daren Asabar.
Silimar garinmu ba rufi, taurari ne rufinta.
Dala biyar benci, mu 'yan dala biyu ƙasa.
Arzika mai inji na da wani tsohon naɗi
da yake sakawa kafin babban fim,
duk ya kakkarce,
sai ka ce ruwa ake a cikinsa, rani da damina.

Nasara biyu, kowa da hula kamar akushi a kife,
ɗaya ya ci rabonsa ya ci na ɗan'uwa,
ɗaya iska ma na tausayinsa.
Ba wanda ya san sunansu.
Tawa ta yanka musu rago:
Randa da Muciya.

Muciya ya saɓi tsani.
Aka kira shi, ya waiwaya,
Randa na ƙasa.
Ya juya neman abin da ya faɗi,
ɗan sanda na ƙasa.
Randa ya tashi, ya kakkaɓe riga a tsanake,
ya gyara hula,
ya dube mu, mu da ke zaune Tawa,
wai mu zama shaida.

Bakinsu na motsi, ba murya.
Masu kunne suka rasa inda za su aje kunnuwansu.
Rubutu ya fito a bango,
kafin ɗan lakwal ya haɗa baƙi ya wuce.

Amma babana ya riga kowa.
Ya ga faɗuwa a kafaɗa tun ƙafa ba ta sani ba,
ya karanta mari a gira.
Dariyarsa, wadda shi bai taɓa ji ba,
ta fashe kamar tayar da aka cika wa iska,
sannan silima ta biyo baya,
benci da ƙasa.

Minti ashirin garin kurame ne,
kuma shi ne ɗan gari.

Da muka koma gida ya saɓi taɓarya,
ya nuna mini inda zan tsaya in zama Randa.
Tulun Inna Zali ne ya riga ni faɗuwa.
Ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo.
Shi kuwa ya gyara hula,
ya dube ni.

Yau buhunan albasa ne a silimar, har bangon.
Arzika ya tafi, babana ya bi shi.
Jiya ɗiyata ta samo mini su a salula,
tsanin nan dai, hulunan nan dai,
ruwan ya ɗauke,
an kuma ɗora musu wani kiɗa.

Na ce ta kashe sautin.